Babi na Shida: Wahalar da Ƙoda Ke Sha a Hannun Magani

A shekarar 2010 hukumar NAFDAC ta soke rajistar wata allura da ta yi tashe a kyamis-kyamis da ƙananan asibitocin Nijeriya, wato jentamisin mai miligiram 280. Ta ƙyale ƙannenta, irin mai miligiram 80 da ake gani har yau, amma ta ce wannan babbar kada a ƙara shigo da ita, kada a ƙara sayarwa. Cikin dalilan da ta bayar akwai lalacewar ƙoda da kurumta. Masu shago "janta" suke ce mata, kuma ba su raina mata ciwo. Zazzaɓin da ya ƙi sauka, ciwon mara, maruru, abin da ake kira sanyi, duk janta ce. Mutum zai shigo ya ce, "Malam, ni fa ƙwaya ba ta yi mini, a yi mini allura mai ƙarfi." Sai a fasa kwalba a zuƙa a tsira masa, a ce gobe ya dawo. Gobe ta yi, a ce jibi.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, 280 ɗin a karan kansa bai wuce ƙa'ida ba. A babban asibiti, namiji mai nauyin kilo 60 da lafiyayyar ƙoda ana iya ba shi miligiram 300 a rana guda, kuma an yi daidai, don miligiram 5 ake lissafa wa kowane kilo. Sai dai a can an ɗora shi a sikeli, an ɗebi jininsa an duba ƙodarsa, an rubuta ranar da aka fara da ranar da za a tsaya. A shago kuwa kwalba ɗaya ce ga kowa: ga ƙato majiya ƙarfi, ga gyatumar da ba ta kai kilo 40 ba, ga wanda ya kwana uku yana gudawa har idonsa ya faɗa. Hukuma ta janye kwalbar ne don ba ta da ikon tsayawa a kan kowane mai allura ta sa shi ya yi lissafi. Lissafin nan kuwa shi ne kusan duk zancen da ke cikin wannan babi.

Ƙoda ba babbar gaɓa ba ce, kowace ɗaya nauyinta wajen giram 150 ne. Amma kusan kashi ɗaya cikin biyar na duk jinin da zuciya ta bugo ta cikin su biyun yake bi. A kowace ƙoda akwai 'yan matatai kimanin miliyan ɗaya, kuma gaba ɗayansu sukan tace ruwa wajen lita 180 a yini da kwana. Da duk wannan fitsari zai zama, da mutum bai kai azahar da rai ba. Kowace matata tana haɗe da wani siririn bututu mai lanƙwasa, bangon bututun ne ke tsotse ruwan da gishiri da sukari ya mayar wa jini, sai a bar lita ɗaya da rabi ko biyu ta gangara mafitsara. To a nan gizo ke saƙar. Ruwa ya koma, amma maganin da aka tato tare da shi yana nan cikin ɗan abin da ya rage, yana ta ƙara kauri. Ƙarfin magani a cikin bututun ƙoda kan ninka na cikin jini sau da yawa. Shi ya sa magungunan kashe ƙwayoyin cuta da dama suke cin ciwon mafitsara nan da nan, shi ya sa kuma ƙoda ke riga kowa jin jiki in an wuce gona da iri.

Jentamisin ba ruwan hanta da shi. Yadda ya shiga jiki haka yake fita, kuma ƙofarsa ɗaya ce, ƙoda. A farkon bututun nan akwai wasu ƙwayoyin halitta da aikinsu shi ne kamo ƙananan sinadaran gina jiki da suka sulale ta matata. Sai su kama jentamisin tare, su haɗiye, su adana. A cikin jini rabin maganin kan gushe cikin awa biyu zuwa uku, amma a cikin waɗannan ƙwayoyi yakan yi makonni. Allurar yau ta tarar da ta jiya, ta gobe ta tarar da su duka. Bayan kwana biyar zuwa bakwai ƙwayoyin sukan fara mutuwa, su ɓantare su cushe bututu, tacewa ta ragu. Da tacewa ta ragu sai maganin ya rasa hanyar fita, ya taru a jini, ya ƙara ɓarna a kan ɓarna. Littattafan likitanci suna ƙiyasta cewa mutum 10 zuwa 25 cikin 100 da aka yi wa jinya da wannan dangin magani ƙodarsu takan taɓu, wasu kaɗan, wasu sosai.

Mugun halin wannan ciwo shi ne majinyaci yana fitsarinsa. Mu mun saba cewa alamar ciwon ƙoda ita ce ɗaukewar fitsari da kumburin ƙafa da fuska. A nan sau da yawa fitsarin ba ya raguwa, wani sa'in ma ƙaruwa yake yi, domin bututun da ya lalace ya kasa tsotse ruwa. Mara lafiya na ta kewayawa, masu jinya na hamdala, dattin da ya kamata ya fita kuwa yana taruwa a jini. Abin da ke tona asirin shi ne gwajin kiriyatinin, wani datti da tsoka ke fitarwa kullum, ƙoda ta kwashe. In ya hau, ƙoda ta gaza. Shi ma gwajin yana da nawa: ba ya tashi a fili sai aikin ƙoda ya ragu da kusan rabi. Kuma tunda daga tsoka yake fitowa, tsohuwar da ta rame ba ta samar da shi da yawa, sai takardarta ta fito lafiya lau alhali ƙodarta rabin aiki take yi. Likitan da ya san abin da yake yi ba ya kallon adadin shi kaɗai, sai ya haɗa da shekaru da nauyi, don ƙarfin ƙoda yana raguwa a hankali tun daga wajen shekara 40, ko da mutum bai taɓa kwanciya ciwo ba.

Ɗauki dattijo mai shekara 65 a Sakkwato ko Maiduguri cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Ya yi kwana biyu yana amai da gudawa, bai sha wani abin kirki ba. Aka ce taifot ne, aka fara janta. Jikinsa na ciwo, sai aka haɗa masa da allurar diklofenak. Idan jiki ya bushe, ƙoda takan saki wasu sinadarai da ke buɗe jijiyar da ke kawo mata jini, don kada ta galabaita. Diklofenak da ibufurofen da Feldene aikinsu ke nan, toshe waɗannan sinadarai. Yanzu jini ya ragu ta hanya biyu, ga kuma dafi yana taruwa. Ƙafa ta fara kumbura, wani mai basira ya ce a ba shi Lasix ya sace ruwan, wato a ƙara busar da wanda dama a bushe yake. In kuma yana da ciwon sukari ko hawan jini na shekaru, ƙodar dama a kan siraɗi take. Kowane ɗaya daga cikin magungunan nan yana da ranarsa. Haɗa su a jikin da babu ruwa ne ke kai mutum ɗakin wankin ƙoda, kuma wannan haɗin ana yin sa kullum, da kyakkyawar niyya, a kan kuɗin da bai kai na buhun gawayi ba.

Kada a ɗauka ina kiran a jefar da jentamisin. Tun da aka fito da shi a Amurka a 1963 ya ceci rayukan da ba su ƙirguwa, kuma yana da araha. Har yau shi da amfisilin ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara ba jaririn da ƙwayoyin cuta suka shiga jininsa. Likitoci ma sun koyi dabarar zama da shi. An gano cewa ba da adadin yini gaba ɗaya a tashi guda ya fi sauƙi ga ƙoda fiye da raba shi uku, don ƙwayoyin da ke haɗiyar maganin suna da iyakar abin da za su iya kamawa a lokaci ɗaya, sauran ya wuce abinsa. An kuma koyi gajarta kwanaki. In an tsaya da wuri, ƙwayoyin bututun sukan sake tofowa cikin makonni, ƙoda ta dawo. Kunne ne ba ya yafewa. Wannan dangin magani yana kashe 'yan gashin da ke can cikin kunne, masu ji da masu tsayar da mutum daidai, kuma su ba sa sake fitowa. Duk wanda ake yi wa wannan allura ya fara jin ƙugi a kunne, ko jiri in ya miƙe, ya faɗa a ranar.

Kakan dangin shi ne sitiraftomisin, wanda Albert Schatz ya gano a 1943 a ɗakin binciken Selman Waksman da ke jami'ar Rutgers, maganin farko da ya iya da tarin fuka. Ƙaninsa kanamisin, da Hamao Umezawa ya samo a Japan a 1957, an daɗe ana yi wa masu tarin fuka mai bijire wa magani allurarsa wata da watanni, mutane da yawa suka warke daga tari suka tashi da kurumta ko raunin ƙoda. Sai a 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a cire shi daga jinyar, a koma wa sababbin ƙwayoyi na sha.

Tun kafin duk waɗannan, magungunan salfa ne suka fara nuna wa likitoci cewa ƙoda na da magana. Gerhard Domagk na kamfanin Bayer a Jamus ya bayyana Prontosil a 1935, sannan a 1938 kamfanin May & Baker na Ingila ya fito da M&B 693, wanda ya karya lagon ciwon huhu. Irin ƙwayoyin M&B ne aka ba Winston Churchill da ya kwanta a Tunisiya a Disambar 1943. Amma ba a jima ba aka fara ganin majinyata na murƙususun ciwon kwiɓi, fitsari da jini, wasu fitsarin ya ɗauke gaba ɗaya. Da aka duba sai aka ga maganin ne ya daskare a hanyar fitsari ya zama ƙananan tsakuwoyi masu tsini, kamar yadda kanwa ke fitowa a bakin tafki idan ruwa ya janye. Salfar wancan zamani ba ta narkewa sosai, balle a fitsari mai tsami da kauri. Maganin abin bai wuce ruwa ba: aka riƙa ɗirka wa majinyaci ruwa, ana ƙara masa soda don a kashe tsamin fitsarin, daga baya aka ƙirƙiro salfa mai saurin narkewa.

A wannan zamanin ne kuma aka yi wani bala'i da ya kamata a ware shi, don laifin ba na salfa ba ne. A 1937 kamfanin Massengill da ke jihar Tennessee ya so ya yi salfa ta ruwa mai zaƙi saboda yara, sai ya narkar da ita a wani sinadari mai suna dayetilin gilaikol, ba tare da gwaji ba. Mutum fiye da 100 suka mutu da gazawar ƙoda, da yawansu yara. Wannan ne ya sa Amurka ta kafa dokar 1938 da ta tilasta a nuna cewa magani ba ya cutarwa kafin ya shiga kasuwa. Sinadarin nan dai shi ne ya kashe yara fiye da 100 a Nijeriya a 1990 ta cikin farasitamol na ruwa, shi ne ya kashe 84 ta cikin maganin haƙori My Pikin daga ƙarshen 2008, shi ne kuma a cikin magungunan tari da suka kashe yara kusan 70 a Gambiya a 2022. Wani lokaci abin da ke rubuce a kwalba lafiyarsa ƙalau, ruwan da aka dama shi da shi ne ajali.

Daskarewar magani a fitsari ba ta tafi da tsohuwar salfa ba. Sifro, wanda ake sha kamar gyaɗa da sunan taifot, yana iya yin haka, shi kuma a fitsarin da ba shi da tsami, akasin salfa. Don haka babu wata dabarar gida guda da ta dace da duka in ban da shan ruwa. Seftirayakzon, allurar da yanzu ta gaji farin jinin janta, yana haɗuwa da sinadarin kalsiyam ya dunƙule. An ga ya yi laka a matsarmama da tsakuwa a ƙodar yara da aka ba shi da yawa, kuma a 2007 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi bayan mutuwar wasu jarirai sababbin haihuwa da aka ba shi tare da ƙarin ruwa mai kalsiyam. Ruwan Ringer, wanda ake yawan ƙara wa masu amai da gudawa, yana cikin masu kalsiyam ɗin.

Septrin, jikan waɗancan salfa, labarinsa ya fi sarƙaƙiya, kuma ya fi shafar gidajenmu, don kusan babu akwatin magani da babu shi, ga kuma masu ɗauke da ƙanjamau da ake ba su shi kullum don kariya. Magani biyu ne a ƙwaya ɗaya. Ɗayan, tirimetofirim, yana yin abu biyu a bututun ƙoda. Na farko, yana hana kiriyatinin fita, sai gwaji ya ɗan hau alhali ƙodar lafiyarta lau. Wannan tsoratarwa ce kawai. Na biyun ne mai haɗari: yana riƙe sinadarin fotasiyam a jini. Matashi mai lafiya ba zai ma sani ba. Amma dattijon da ke shan lisinofiril ko losatan saboda hawan jini, ko sifironolakton saboda ciwon zuciya, dama magungunansa suna riƙe fotasiyam. In Septrin ya hau kai, adadin na iya kaiwa inda bugun zuciya zai rikice ya tsaya, ba ciwo ba kumburi. Wani bincike da aka yi a lardin Ontario na Kanada, aka buga a 2014, ya duba tsofaffi masu shan irin waɗannan magungunan hawan jini, ya ga mutuwar fuju'a ta fi yawa ga waɗanda aka ba Septrin fiye da waɗanda aka ba amoksisilin. Irin wannan rasuwa a wurinmu ba wanda zai danganta ta da ƙwayar mura da Baba ya sha kwana biyar da suka wuce. Tambaya ɗaya ce ke hana ta, "Baba, wane magani kake sha kullum?", kuma ita ce tambayar da ba a yi a kan kanta.

Akwai kuma ɓarnar da ba ruwanta da yawan magani. Jikin wani ne kawai ba ya shiri da shi, sai garkuwar jikin ta far wa naman ƙoda, ya kumbura. An fara sanin wannan sosai da metisilin, wani ɗan gidan fenisilin na shekarun 1960, kuma ana ganinsa da sauran fenisilin, da salfa, da sifro. A littafi alamunsa uku ne, zazzaɓi da ƙuraje da hawan wasu fararen ƙwayoyin jini, amma waɗanda ke zuwa da duka ukun tsiraru ne. Abin da ya fi ɓatar da mutane shi ne zazzaɓin: ya sauka, bayan mako ya dawo, sai a ce maganin bai yi ba, a ƙara wani a kai.

Rifamfisin, ginshiƙin maganin tarin fuka, yana da nasa salon. Wanda ke shan sa kullum ba fashi da wuya ya ga wannan matsala. Wanda ya sha wata biyu ya ji sauƙi ya ajiye, bayan wata uku tari ya dawo ya ɗauko ragowar ya ci gaba, shi ne ke cikin haɗari. A lokacin hutun jikinsa ya riga ya tanadi makamai a kan maganin, yana dawowa sai rawar ɗari da ciwon kwiɓi da amai, wani lokaci jini ya farfashe, fitsari ya ɗauke cikin kwana ɗaya ko biyu. Ma'aikatan tarin fuka sun saba gargaɗin cewa yanke magani na sa cuta ta yi taurin kai. Wannan dalili ne na biyu, kuma shi ba ya jiran shekara.

Tunda an zo kan rifamfisin, a yi maganar launi. Yana mayar da fitsari ja-ja ruwan lemo, har da hawaye da gumi, kuma wannan ba komai ba ne, launin maganin ne. Flagyl da naitirofurantoyin su ma sukan sa fitsari ya yi duhu ba tare da illa ba. Mutane da yawa sun watsar da maganin tari don sun zaci jini suke fitsarwa, saboda ba wanda ya gaya musu tun farko. Wasu kuma akasin haka, jinin gaske ne, amma a garuruwan da tsargiya ta zama ruwan dare sai a ce ai ita ce. Wanda ya fi kowanne tsanani shi ne fitsari launin baƙin shayi tare da kasala da idanu rawaya, kwana biyu ko uku da fara magani. Akwai wani gado da ake kira ƙarancin G6PD, ya yawaita ga maza a Afirka ta Yamma, inda jajayen ƙwayoyin jini ba sa jure wasu magunguna, irin su naitirofurantoyin da dafson na kuturta da wasu daga dangin salfa. Ƙwayoyin sukan fashe, abin da ke cikinsu ya kwarara ya cushe ƙoda. Wannan na asibiti ne a daren, ba sai gari ya waye ba.

Kafso ja da yalo, wato tetirasaikilin, shi ma yana da tarihi. A farkon shekarun 1960 likitoci a Amurka suka ba da rahoton mutanen da suka sha wanda ya lalace, bututun ƙodarsu ya kasa riƙe sukari da gishirin jiki, komai ya riƙa zuba a fitsari. Zafi da laima ne ke ruguza shi ya koma wani abu dabam. An sauya yadda ake haɗa shi tun lokacin, kuma abin ya yi ƙaranci ƙwarai. Duk da haka, in na ga tiren magani a kan mai talla a tasha, rana na dukansa tun hantsi har la'asar, wannan tarihin ne ke faɗo mini.

Mata kuma akwai wani zagaye da ke cinye musu kuɗi da lafiya. Mace ta sha Ampiclox ko sifro saboda wani dalili. Maganin ya kashe ƙwayoyin cuta, ya haɗa da ƙwayoyi masu amfani da ke tsaron gabanta, sai wani naman gwari mai suna kandida ya samu fili. Ƙaiƙayi ya zo, da farin ruwa, da zafi in fitsari ya taɓa wurin. Ta koma shago ta ce, "Sanyin nan fa ya dawo." A ba ta wani maganin kashe ƙwayoyin cuta da ya fi na farko ƙarfi, wanda ba ya taɓa kandida ko kaɗan, sai ma ƙara share masa fage. A zagaye na uku an kai ga allurai. Ranar da ciwon mafitsara na gaske ya zo, ko ya haura ƙoda tana da juna biyu, sai gwaji ya nuna ƙwayar cutar ta saba da duk magungunan da ke da sauƙi.

Daga nan ne ake komawa ga waɗanda aka taɓa gudu. Kolistin an samo shi a Japan wajen 1950, aka yi amfani da shi, aka jingine shi a shekarun 1970 saboda yadda yake cin ƙoda. Yau an kakkaɓe shi an dawo da shi ɗakunan masu jinya mai tsanani a duk duniya, don akwai ƙwayoyin cutar da ba abin da ke taɓa su sai shi. Likita na ba da shi yana sane da abin da zai iya yi, saboda ɗaya zaɓin mutuwa ce. Ko shi ɗin ma, a 2015 masu bincike a Sin sun gano ƙwayoyin cuta a jikin aladu da mutane da suka koyi kauce masa.

Wanda ya karanta wannan ya ce shi da maganin asibiti haihata-haihata, ya koma wa jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba, bai tsira ba. Ƙwayar cuta da ta shiga jini tana cikin manyan abubuwan da ke kayar da ƙoda farat ɗaya, fiye da magungunan da ake yaƙarta da su. Ciwon mafitsara da aka ƙyale yakan haura ya bar tabo a ƙoda. Miki a fatar yaro mai ƙazuwa, ko ciwon maƙogwaro, na iya jawo kumburin ƙoda bayan makonni. In likita ya rubuta magani bayan ya duba, a sha shi yadda ya ce, a sha ruwa sosai, a gaya masa duk abin da ake sha, har na gargajiya da na ciwon jiki. Wanda aka ɗora wa allurar janta fiye da kwana biyu ko uku yana da haƙƙin ya ce, "Likita, an duba ƙodata kuwa?" Kuɗin gwajin bai kama ƙafar na zama ɗaya a kan injin wankin ƙoda ba, shi kuwa wankin sau biyu ko uku ake yi a mako. Mai amai da gudawa ko zazzaɓi mai zafi da ke kan irin waɗannan magunguna cikin watan azumi ya tuna shari'a ta ba mara lafiya damar ajiyewa ya rama.

Idan ɓarnar ta riga ta auku, abin da ake yi a asibiti ba shi da yawa, amma yana aiki. A tsayar da maganin da ake zargi, a musanya shi da wani in har cutar na nan, a janye diklofenak da 'yan uwansa, a gyara ruwan jiki da awo, a riƙa auna fitsari da fotasiyam. Sauran magungunan da majinyaci ke sha a rage su daidai da ƙarfin da ya rage wa ƙodar, don abin da ba ya fita taruwa yake yi. Fenisilin ma in ya taru yana sa farfaɗiya. In kumburin garkuwar jiki ne, akan ƙara da firednisolon. Wasu sai an yi musu wankin ƙoda, kuma a nan iyalai kan karaya, don sun ɗauka wanda ya hau injin ya hau ke nan. A irin wannan ciwo sau da yawa na ɗan lokaci ne, 'yan makonni, kafin bututun su farfaɗo. Amma ƙodar da ta taɓa faɗuwa ta fi saurin samun ciwo mai ɗorewa daga baya, shi ya sa ake so a sake gwaji bayan wata uku ko da mutum ya koma kasuwarsa. Kafin a bar asibiti a sa likita ya rubuta sunan maganin a takarda, a ajiye, a nuna wa duk wanda zai sake rubuta wa mutumin magani. Ga wanda jikinsa ne ya ƙi maganin, karo na biyu yakan zo da sauri fiye da na farko, kuma ƙwaya ɗaya ta isa ta tayar da shi.